Mavis Ta Rasu Ranar Larabar da Ban Rubuta Ba

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika ta har wuya, ni Lyle Trengove na garin Kadina, a madadin kaina da iyalina, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da dukan 'yan ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta yankinmu cewa motarmu Mavis ta riga mu gidan gaskiya. Ta rasu ranar Laraba huɗu ga Disamba, da ƙarfe goma da kwata na safe, a mahaɗar da ke gaban tsohon coci, tana da shekara hamsin da bakwai a duniya. Ba ta yi jinya ba. Lafiyarta ƙalau ta bar gida, ni na wanke ta da hannuna a safiyar, na goge mata fitilu, na duba mata mai da ruwa. An jinkirta wannan sanarwa mako shida saboda ina ta sa ran za a tashe ta. Ba za a tashe ta ba.

Marigayiya Holden ce ƙirar 1967, koriya mai farin rufi, kujerar gabanta doguwa guda ɗaya, irin wadda mace za ta matso kusa da mijinta ba tare da wani ƙarfe ya shiga tsakani ba. Ta shigo gidanmu a 1974, shekara guda bayan aurena da Noelene, lokacin ina aiki a rumbunan hatsi na Wallaroo. Daga hannun matar wani manomi da ya mutu na saye ta, kuma matar sai da ta juya baya ranar da na ja ta. Noelene ce ta raɗa mata suna. Tana da wata gwaggo Mavis, mashayiyar taba, wadda ba ta fara magana sai ta yi tari uku. Ranar da na kawo motar na kashe ta a ƙofar gida, injin ya ƙi mutuwa nan take, ya ce kuh, kuh, kuh, sannan salansa ta ce fam. Noelene tana tsaye a baranda da tsumman goge kwano a hannu, ta fashe da dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Lyle, Gwaggo Mavis ka kawo mini?" Sunan ya zauna tun daga ranar.

Duk wanda ya zauna da marigayiya zai shaide ta da haƙuri. Ta ɗauki buhunan sha'ir, ta ɗauki rago a kujerar baya daga kasuwar dabbobi har gida ba ta yi ƙorafi ba, ko da yake warin ya kai wata uku. Ita ta kai Noelene asibiti ranar da za ta haifi 'yarmu Tamsin, ita kuma ta kai Tamsin coci ranar aurenta, an ɗaura mata fararen ƙyallaye a bonet. Ta raka gawar iyayena da ta iyayen Noelene. A shekara hamsin sau ɗaya tak ta tsaya mana a hanya, a 1983, kuma laifina ne, ni na ce man zai kai. Ba ta da kwaɗayi, ba ta da fariya, ba ta taɓa yi wa mutum ƙara don bai ɗaura bel ba irin motocin yanzu marasa tarbiyya. Ƙyaurenta in ka rufe sai ya ce dum, sau ɗaya, ya yi shiru.

Aibinta guda ne, in har aibi ne, shi ne tarin nan. Abokina Con Karydis, bakanike, wanda yake duba ta tun yana da gashi, ya sha cewa a bar masa ita kwana biyu ya wanke kan injin, tarin zai tafi. Wata rana har ya kwanto kayan aikinsa. Noelene ta fito ta tsaya a kansa.

"Con, in ka taɓa tarin nan ba ka ƙara cin abincin gidana."

"Haba Noelene, ciwo ne fa a jikinta."

"Da shi nake sanin wannan mai taurin kan ya dawo in ɗora shayi. Mayar da ƙarafunanka."

Con ya mayar. Shekara arba'in da wani abu bai sake tayar da maganar ba.

Marigayiya ta bar ni, mai gidanta, ɗan shekara saba'in da shida, da ɗinki bakwai a gira. Ta bar Noelene, wadda ba a gaya mata ba, kuma ba za a gaya mata ba. Ta bar Tamsin da jikokinmu biyu. Ta bar Con, wanda ya leƙa ƙarƙashinta ranar da aka jawo ta, ya fito ya zauna a kan taya har na tafi. Ta bar tayar safaya guda wadda ba ta taɓa ƙasa ba tun 1991, da tamfol ɗin da take kwana a ciki, da wani baƙin tabon mai a simintin garejina. Tamsin ta kawo sabulu za ta wanke tabon, na ce in ta taɓa shi ni da ita ne.

Akwai wata hidima da marigayiya ta yi a shekarunta na ƙarshe wadda ba kowa ya sani ba, kuma ita ce dalilin wannan doguwar takarda.

Shekara uku ke nan da ciwon mantuwa ya fi ƙarfina, muka kai Noelene gidan tsofaffi na bayan filin ƙwallo. Watannin farko da ƙafa nake zuwa, ko Tamsin ta sauke ni a motarta, wata farar aba da ke tafiya shiru kamar ɓarawo. In na shiga ɗakin sai Noelene ta dube ni da ladabi, irin duban da ake yi wa mai karanta mita, ta ce, "Sannu bawan Allah, wa kake nema?" Mace ce da na kwana da ita gado ɗaya shekara kusan hamsin. Nakan ce ni ne Lyle, ta yi murmushi ta ce sunan mijinta ke nan, ashe muna da yawa.

Wata Lahadi aka tashi da ruwa, na ce bari in fito da Mavis. Na tsaya a ƙarƙashin tagar ɗakinta don nan ne babu laka, na kashe. Kuh, kuh, kuh, fam. Ban kawo komai a raina ba. Ina tura ƙofar ɗakin na same ta tsaye, jakarta a hannu, ta haɗe gira.

"Lyle, ka makara. Kuma wace ce ta bar ka ka fito da rigar nan ba guga?"

Na zauna a bakin gadonta na yi kuka, ni da ko a jana'izar ubana ban yi ba. Ta ce in daina abin kunya, ma'aikata suna kallo.

Daga ranar na gane. In na zo da ƙafa, baƙo ne ni. In Mavis ta yi tari a ƙarƙashin taga, mijinta ne. Abin yakan kai awa ɗaya, wani lokaci da 'yan mintoci a kai. Ya ishe mu mu je bakin ruwa a Wallaroo, mu sayi burodin nan mai nama da dankali a ciki, ta ci rabi ta ce ba su sa barkono ba, ta yi mini faɗan tuƙi, ta tambayi Tamsin. A hanyar dawowa sai in ga idonta ya fara nisa. Likita ya ce ana samun haka, wani da waƙa, wani da ƙamshin abinci. Na ce masa ni bayani bai dame ni ba. Na yanke kowace Laraba da kowace Lahadi, ƙarfe goma da rabi, ko ana ruwan duwatsu.

Yanzu sai in faɗi abin da ya kashe ta. 'Yan ƙungiya sun san tsarin, amma Tamsin ta ce in rubuta dalla-dalla saboda danginmu na nesa, kuma don in ji da kunnena abin da na yi.

A watan da muka kai Noelene, kafin in gano sirrin tarin, na zauna rage kashe-kashen kuɗi, don abin da muka tara duk ya tafi wajen gadonta a gidan tsofaffi. Na mayar da Mavis kan rajistar ƙungiya. Rajista ce mai araha da ake yi wa tsofaffin motoci, da sharaɗi ɗaya: kwana casa'in kawai za ta hau titi a shekara, kuma kafin ka murɗa makulli sai ka buɗe littafin fita ka cika layin ranar, kwanan wata da sa hannu. Sannan na buga wa kamfanin inshora. Wata yarinya mai murya kamar ta rediyo ta ɗauka.

"Yallaɓai, motar ta yau da kullum ce ko ta kwalliya?"

"Ta kwalliya ce. Sai biki."

"To muna da biyu. Akwai wadda ba ruwanta da yawan fita, duk ranar da ka ga dama ka hau, amma sai da cikakkiyar rajista. Akwai kuma ta 'yan ƙungiya, wadda take tafiya da littafi. Dukansu za mu rubuta darajar motar tun yanzu, dala dubu talatin da takwas, kuma ko wanda ya buge ka ba shi da inshora mu za mu biya ka."

Na tambayi kuɗin ta farkon, ta faɗa, na ce ba kamfanin na ce zan saya ba. Tamsin tana gefena tana jin komai.

"Baba, ka ɗauki babbar. Ni zan cika maka."

"Ke riƙe kuɗinki, ban fara bara ba tukuna."

Na ɗauki ƙaramar, na ajiye waya ina jin kaina mai wayo. A lokacin ba laifi ba ne, mota ce da ke fita sau goma a shekara. Laifin ya zo daga baya. Da Laraba da Lahadi suka zama dole, ko ɗan firamare ya san sun kai ɗari da huɗu a shekara, ni kuwa casa'in gare ni. Abin da mai hankali zai yi shi ne ya ɗaga waya ya koma babbar, ya ce wa 'yarsa ta yi gaskiya. Ni abin da na yi daban. Lahadi nakan rubuta, don ranar kowa yana titi. Laraba kuwa, in na rubuta ɗaya sai in tsallake ɗaya. In buɗe littafin a shafin ranar, in saƙala biro, in tura shi aljihun gaban mota, da nufin in na hango 'yan sanda in cika kafin su iso. Kilomita uku ne daga gidana zuwa tagar Noelene. Shekara biyu da rabi ina haka ba wanda ya tare ni.

Con ne mai duba littattafan ƙungiya. Ranar dubawar bara ya riƙe nawa ya daɗe yana juya shafi.

"Lyle, motoci biyu gare ka?"

"Wane irin zance ne wannan?"

"Kowace Laraba ina ganin wata koriyar mota ta wuce gaban garejina. Littafinka kuma ya ce Mavis tana gida tana barci."

"Kai ɗan Girka, ka ji da ƙusoshinka."

"Tsoho, na san inda kake zuwa, shi ya sa zan buga hatimi in yi shiru. Amma wallahi ka daina. Wata rana za ka yi kuka da idonka."

Na ce masa in ya gama wa'azin ya miƙo mini littafina.

Ranar huɗu ga Disamba ana tsakiyar girbi, manyan motocin sha'ir sun cika gari, zafi tun safe. Na sa rigar da na goge da kaina. Na buɗe littafi, na saƙala biro, ban rubuta ba. Ban ma yi tunani ba, hannuna ya saba. Ina tafiya a hankali kamar kullum, na shiga mahaɗar coci, hanya tawa ce. Sai wata tsohuwar a-kori-kura ta fito daga dama ba ta ko rage gudu ba, ta daki Mavis a gaba, ta tura mu kan turken wutar lantarki, irin namu na kankare da ƙarfe da ba ya jin bugu. Na ji ƙarar da ban taɓa jin marigayiya ta yi ba. Daga nan sai lagireto yana tsiyaya yana cewa tsss, a hankali, har ya daina. Ba ta samu ta yi tarinta ba.

Direban ya fito da gudu. Darryl Kuchel ne, magidanci ɗan shekara arba'in da huɗu, mai bin gonaki aikin girbi. Ya makara ne yake sauri, birkinsa kuma ya daɗe yana neman kulawa.

"Baba, yi haƙuri, don Allah zauna, jini kake yi. Kada ka damu da motar, ina da inshora, wallahi ina da ita."

Ban zauna ba. Na tsaya a tsakiyar titi jini yana shiga mini ido, na zage shi. Na zagi tuƙinsa, na zagi motarsa, na tuna masa ubansa ma haka ya jefa tarakta a rami a 1979, na haura har kan kakansa, don duk na san su. Matan coci suka fito suna ba ni haƙuri, na ƙara murya. Daga baya aka ce mini minti goma sha biyu na yi. Duk tsawon minti goma sha biyun nan littafin yana aljihun mota a buɗe, biro a saƙale, taku huɗu daga inda nake. Da na cika layin a lokacin, ƙarya ce, na sani. Amma kada wani ya tashi a wurin jana'iza ya ce gaskiya ce ta hana Lyle. Fushi ne ya hana ni, mantawa na yi.

'Yar sandar da ta zo, tare suka yi makaranta da Tamsin. Ta sa aka ɗaure mini goshi, ta zagaya motar, ta ga lamba.

"Baba Trengove, lambar ƙungiya ce. Ina littafi?"

A nan ne na tuna da shi. Ita ta ciro shi da kanta. Ta dubi shafin, ta dube ni, ta sake duban shafin. Layin ƙarshe Lahadi ne, ɗaya ga wata.

"Baba, yau huɗu," ta ce, ƙasa-ƙasa, don kada matan coci su ji.

Ta rubuta abin da ta gani. Ban riƙe ta a raina ba, aikinta ke nan.

Inshorar Darryl kuwa, ashe ta dole ce kawai, wadda ake haɗa wa kowa a cikin kuɗin rajista. Wannan jikin mutum take biya, ba ruwanta da ƙarfe. Shi bai sani ba. Shekara ashirin da shida yana tuƙi yana ganin kalmar inshora a takardarsa, ya ɗauka ya gama. Ita ta biya ɗinkin girata da hoton kafaɗata, har da wata yarinya da ke murza mini wuya ranar Talata. Mavis kuwa ko ƙusa ɗaya ba ta biya mata ba.

Na ce ba komai, ai ni nawa kamfanin ya yi alkawari. Na buga. Wata murya ce daban, amma ladabin iri ɗaya.

"Yallaɓai, gaskiya ne, takardarka ta ce ko wanda ya buge ka ba shi da inshora za mu biya. Amma shafi na gaba ya ce sai motar tana kan titi bisa ƙa'idar rajistarta. Ranar da ba a cika layi ba, ba ta da izinin fita."

"To a wurinku ina take ranar?"

"A wurinmu, yallaɓai, tana gareji."

"Ku turo mutum ya zo ya ga garejin!"

Ta ce ta fahimci ɓacin raina. Na rubuta musu takarda uku, Tamsin ta rubuta ta huɗu da harshe mai laushi, ta yi bayanin Noelene da taga da komai. Amsa ta zo da kyakkyawan rubutu, suna jajanta mana, suna nan kan bakansu. Na so in tsane su, na yi ta ƙoƙari, amma duk lokacin da na buɗe shafin nan sai in ga sa hannuna a ƙasa.

Con ya ce shasi ya lanƙwashe, injin ya tsage. Ya ce akwai masu aikin a Adelaide da za su miƙar da ɗaya su ɗinke ɗayan, a mayar mata da kan injinta na asali da dattinsa na shekara hamsin, kuma yana kyautata zaton tarin zai dawo. Bai yi alkawari ba, amma ya ce akwai hanya. Kuɗin aikin ya yi kusa da abin da kamfanin ya rubuta zai ba ni. Tamsin ta je banki ba da sanina ba, suka ce gidanta bai gama fita daga hannunsu ba balle su ƙara mata. Lauya ya ce ina iya kai Darryl kotu, kuma zan ci. Na je gidansa in gaya masa haka da bakina. Gidan haya ne a bayan layin dogo, kayan yara huɗu a kan igiya, a-kori-kurar tana tsakar gida a mace, kaji sun fara kwana a ciki. Ya fito mini da kujerarsu mai kyau guda ɗaya, shi ya tsaya.

"Baba, duk abin da ka ce in yi zan yi. Ni dai ba ni da shi ne."

Na sha ruwan da matarsa ta kawo, na tashi. Tun daga makon yake zuwa ranar Asabar ya yanke mini ciyawa ba wanda ya sa shi. Nakan leƙo in ce masa ya bar mini gida, ya ce to Baba, ya ci gaba.

Mun gwada abin da za a iya gwadawa. Jikata tana da hoton bidiyo na Mavis a wayarta, har da tarin. Muka kunna a ƙarƙashin taga, Noelene ba ta ko juyo ba. Wani ɗan ƙungiya daga Moonta yana da irinta sak, shekara ɗaya, launi ne kawai ya bambanta. Ya ba ni aro, Allah ya saka masa, ya cika littafinsa a gabana yana kallona. Con ya yi ta murɗe-murɗe har ya sa ta yi wani abu mai kama da tari. Na tsaya a wurin da na saba, na kashe, na haura da sauri. Na same ta zaune, ta karkata kai tana saurare.

"Ba tamu ba ce," ta ce, ba ni take gaya wa ba. Sannan ta gan ni. "Sannu bawan Allah, wa kake nema?"

Lahadin da ta wuce na je da ƙafa, na sayo mata burodin, na sa an ƙara barkono. Tana kujerar bakin taga, an yi mata kitso, jakarta a cinya. Ma'aikatan sun ce ranar Laraba da Lahadi tun ƙarfe goma take sa a zaunar da ita nan, ita da ba ta san shekarar da ake ciki ba.

"Bawan Allah, ta bakin titi ka shigo?"

"Ta nan na shigo."

"Ba ka ga wata koriyar mota ba, mai farin rufi?"

"Ban gani ba."

"Ta mijina ce. Mai taurin kai ne, ba ya jin magana, amma ba ya saɓa rana. Ban san abin da ya riƙe shi ba." Ta gutsuri burodin, ta ce wannan karon sun sa barkono. "In ka gan shi a gari, ka ce masa ban yi fushi ba. Ya zo kawai."

Na ce zan gaya masa.

Za a yi jana'izar marigayiya ranar Asabar sha takwas ga Janairu, da ƙarfe goma na safe. Za a ɗauke ta daga garejin Con Karydis a kan janwe, a lulluɓe da tamfol ɗinta, zuwa filin 'yan gwangwan na hanyar Moonta. Con zai ja gaba. Darryl Kuchel na cikin masu ɗaure ta a kan janwe, ni na kira shi, kuma ba na son in ji wani ya gaya masa magana, zagin da ya cancanta na riga na yi masa har da ƙari. Ba a buƙatar furanni. Za a sha shayi a zauren ƙungiya bayan an dawo. Ayarin zai bi ta bayan rumbuna, ba zai bi ta titin filin ƙwallo ba, kuma ina roƙon kowa da girman Allah kada ya ratse ta can ko a hanyar komawa gida. Akwai mai saurare a taga.

Duk wanda zai zo da tsohuwar motarsa ya cika littafinsa kafin ya murɗa makulli. Zan tsaya a bakin gareji in duba ɗaya bayan ɗaya, wanda na samu layinsa fari zai koma gida da ƙafa, ko shi ne shugaban ƙungiya. Wanda kuma bai san irin inshorar da yake da ita ba, ya zo da takardar, Tamsin za ta karanta masa shafi na gaba.

Littafin marigayiya za a mayar mata aljihunta ta tafi da shi. Na ƙirga shi bayan 'yar sandar ta dawo mini da shi. Shekarar littafin a ƙarshen Disamba take ƙarewa. Daga ranar huɗu ga wata zuwa ƙarshensa, zuwa takwas ya rage mini wurin Noelene, har da na ranar. Layukan da suka rage ban cika ba goma sha ɗaya ne. Na yi tattali har ya yi yawa, ranar nan ina da layin da zan rubuta har da ragowar uku.

Allah ya ji ƙan Mavis, ya ba mu haƙurin rashinta. Ana karɓar gaisuwa a gidana kowace rana, ban da Laraba da Lahadi daga ƙarfe goma zuwa sha biyu. A lokacin ina wurin Noelene, muna zaune a bakin taga muna jiran mijinta.